Tsokaci a Kan Darussan Share Fagen Jami'a da Matsayin Hausa a Cikinsu: Misali Daga Garki, Abuja

1.0 Gabatarwa

Manhajar Hausa ta babbar sakandare a tsaye take bisa ƙafafu uku, wato harshe da adabi da al'ada, kuma an yanka ta ne daidai jikin matsakaicin ɗalibi. Wannan ba laifi ba ne, domin haka ake yanka kowace manhaja ta ƙasa. Sai dai a kowane aji akan sami 'yan ƙalilan da rigar take yi wa kaɗan tun kafin su kai shekarar ƙarshe. Sun karance littattafan da aka zaɓa tun a zangon farko, sun haddace rabe-raben kalmomi da sunayen sarautu, sauran watannin kuma sai zaman jiran jarrabawa. Tambayar da wannan tsokaci ya sa a gaba ita ce: wane tanadi tsarin iliminmu ya yi wa irin waɗannan ɗalibai, kuma ina matsayin Hausa a cikin tanadin?

A wasu ƙasashe akan ba ɗalibin sakandare damar ɗaukar darasi mai nauyin na shekarar farko ta jami'a tun yana makarantarsa, idan ya ci kuma jami'a ta lissafa masa. A Nijeriya abin da ya fi kusa da wannan shi ne karatun share fagen jami'a, irin na IJMB da JUPEB da jarrabawar Cambridge mai zurfi. Za mu dubi yadda aka zo ga wannan tsari, mu auna shi, sannan mu ɗauki gundumar Garki ta Babban Birnin Tarayya a matsayin madubi. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, tsarin da ake da shi ya fitar da zurfin karatu daga cikin sakandaren gwamnati, kuma Hausa tana cikin darussan da hakan ya fi yi wa illa.

2.0 Waiwaye

Kafin zuwan tsarin 6-3-3-4, sakandare shekara biyar ce. Ɗalibin da ya yi fice yakan zarce zuwa aji shida, ya yi shekara biyu yana nazarin darussa uku, ya zauna jarrabawar HSC, daga nan ya shiga jami'a ya kammala digiri cikin shekara uku. Hukumar Ashby, wadda aka kafa a 1959 ta kuma miƙa rahotonta a 1960, ta goyi bayan faɗaɗa wannan mataki a matsayin hanyar shiga jami'a. To amma a Arewa makarantun da ke da aji shida ba su taka kara sun karya ba. Ana iya ambaton Kwalejin Barewa ta Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi cikin fitattunsu. Ƙarancin nan ne ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage tata a farkon shekarun 1970, jihohi ma suka bi sahu da kwalejojin fasaha da kimiyya, kamar ta Kano da ta Maiduguri, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama Jami'ar Maiduguri a 1975. A 1976 aka kafa IJMB a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello domin ta daidaita manhaja da jarrabawar waɗannan kwalejoji. Abin lura a nan, kalmar farko a cikin sunan hukumar tana nufin abu na wucin gadi, ga shi kuwa ta kwashe kimanin shekara hamsin tana aiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gurbin da aka kafa ta don ta cike bai rufe ba.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ita ce ta yi watsi da aji shida. Aka mayar da sakandare shekara shida, uku ƙarama uku babba, digiri ya koma shekara huɗu, aka kafa JAMB a 1978, aka kuma yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. Hujjojin da aka kafa a lokacin masu ƙarfi ne: aji shida yana da tsada, 'yan kaɗan ne ke samunsa, kuma yana tilasta wa yaro ya taƙaita kansa ga darussa uku tun bai san inda ya dosa ba. Mu ma ba kiran a dawo da shi muke yi ba. Abin da muke nuni da shi shi ne, da aka rushe shi, ba a bar wata ƙofa a cikin sakandare ba wadda ɗalibi mai hazaƙa zai bi ya zurfafa a darasi guda. Zurfin ya koma waje, sai wanda ya gama makaranta ya kuma biya kuɗi. Da aka kafa JUPEB a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas, ita ma wannan hanya ta bi, kuma a jerin darussan da ta fara da su akwai Yarbanci da Ibo, babu Hausa. IJMB ce ta riƙe Hausa a wannan mataki.

3.0 Bambancin Tsarinmu da na Amurka

Tun da masu tsara manhaja a ƙasar nan suna yawan kafa misali da shirin AP na Amurka, ya kamata a fayyace yadda yake aiki. Hukumar College Board ce take gudanar da shi tun 1955. Ɗalibi yana cikin makarantarsa, malaminsa na kullum ne ke koya masa, kuma yana iya ɗaukar darasi ɗaya tak ko fiye, gwargwadon ƙarfinsa. Ana jarrabawa a watan Mayu, ana ba da maki daga 1 zuwa 5, malaman jami'a da na sakandare ne kuma ke haɗuwa su duba amsoshin da aka rubuta da tsawo. Kowace jami'a ita ke yanke makin da za ta amince da shi, galibi daga 3 zuwa sama, ta ɗauke wa ɗalibi kwas ɗin da ya yi daidai da abin da ya ci. Akwai Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Italiyanci da Latin da Sinanci da Japananci a cikin shirin, babu harshen Afirka ko ɗaya.

Namu tsarin kuwa ko duka ko babu. Dole ɗalibi ya gama sakandare tukuna, ya ɗauki darussa uku a haɗe na kimanin shekara guda, a tara masa maki wanda jimlarsa ba ta wuce 16, sannan ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB. Ke nan yarinyar da take son karatun likita, wadda kuma Allah ya hore wa basirar nazarin waƙa, ba ta da hanyar ɗaukar Hausa mai zurfi, domin gurabenta uku na kimiyya ne. Yaron da yake aji biyar ya fi ƙarfin manhajar ajinsa, shi ma ba shi da hanya, sai ya jira. Haka kuma ba mu da al'adar a ɗauke wa ɗalibi kwas guda saboda ya riga ya ci makamancinsa. Ko dai a tsallakar da shi shekara ɗungurungum, ko ya faro daga tushe.

Ba kuwa cewa muke na Amurkan ba shi da aibi ba. An daɗe ana sukarsa da cewa makarantun masu hali sun fi cin moriyarsa, kuma yawan abin da ake son a rufe kafin Mayu yakan mayar da aji filin tsere. A 2013 Kwalejin Dartmouth ta sanar da cewa za ta daina lissafa makin AP a cikin abin da ake buƙata don kammala digiri. Darasin da ke cikin wannan a gare mu shi ne, sunan darasi ba ya sa shi zurfi, kuma jami'a tana iya janye amincewarta duk ranar da ta ga dama.

4.0 Garki

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta tare a Disamban 1991, Garki kuwa tana cikin gundumomin farko da aka gina. Tana ɗauke da unguwannin ma'aikata daga Area 1 zuwa Area 11, da Garki II, da kuma tsohon ƙauyen Garki inda Gbagyi da Hausawa suka daɗe suna zaune tun kafin a yi mafarkin birnin. Hausa ce harshen ciniki a kasuwar Garki da tashoshin mota, Ingilishi kuma harshen ofis da aji. Saboda haka malamin Hausa a makaranta irin Sakandaren Gwamnati ta Garki yana fuskantar taron da takwaransa na Gwale ko na Daura bai san irinsa ba.

A gabansa akwai 'ya'yan Hausawa ma'aikata, waɗanda iyayensu suka zo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, wasu da Hausa mai kyau a baki amma ba su taɓa karanta littafi guda da ita ba, wasu kuma Hausar tasu ta gaisuwa ce da aike. Akwai 'ya'yan Gbagyi da Gwandara da Nufawa da mutanen kudancin Kaduna da Filato, waɗanda Hausa harshe na biyu ce a wurinsu amma sun iya ta tun suna rarrafe. Akwai kuma 'ya'yan mutanen kudu da suka tsince ta a titi. A kwalejojin ilimi an daɗe da raba Hausa gida biyu, ta masu harshen da ta masu koyonsa, amma a ƙarshen babbar sakandare takarda ɗaya ce ke jiran kowa. Malami mai hankali dole ya ja ajin da saurin na tsakiya. Wanda ya fi shan wahalar wannan, bayan na can baya, shi ne na can gaba, sai dai shi ba a jin kukansa domin yana cin jarrabawa.

A gefe guda, makarantun kuɗi na Abuja sun riga sun buɗe wa ɗalibansu ƙofar da muke magana a kai. Wasu suna shirya su don jarrabawar Cambridge mai zurfi, makarantar Amurkawa da ke Durumi, maƙwabciyar Garki, tana koyar da darussan AP. Wato a tazarar 'yan kilomitoci, wani yaro yana karatun matakin jami'a yana ɗan shekara goma sha shida, wani kuma sa'ansa yana maimaita tambayoyin shekarun baya. Batun shekarun shiga jami'a ya ƙara fito da wannan fili. A 2024 Ministan Ilimi Tahir Mamman ya tsaya a kan shekara 18, magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16 a ƙarshen shekarar, JAMB kuma ta sa sharaɗin maki 320 cikin 400 ga wanda bai kai ba a jarrabawar 2025. Yaron da ya gama sakandare da wuri yana da shekarar jira. Ɗan mai hali yakan cike ta da karatun share fage, ɗan talaka kuma ya cike ta da zaman gida ko tsaron shago.

5.0 Me Ake Nufi da Zurfi?

A nan ne muke ganin an fi yin kuskure. Idan aka ce a zurfafa darasin Hausa, abin da kan fara zuwa zuciyar mai tsara manhaja shi ne ƙari: a ƙara littafin zube ɗaya, a ƙara waƙoƙi biyar, a ƙara sana'o'in gargajiya uku. Wannan ƙarin kaya ne a kan jaki ɗaya. Abin da ya raba karatun jami'a da na sakandare shi ne irin aikin da ake sa ɗalibi, wato ya tashi daga ambaton abu zuwa bayanin dalilinsa, ya kuma kare bayanin da hujja. Bari mu bi sassan uku mu gani.

A ɓangaren harshe, ɗalibin sakandare ya san cewa jam'in mota motoci ne, na gida gidaje, na kaza kaji, na ƙasa ƙasashe. Ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin darasi mai zurfi shi ne wanda za a zube wa waɗannan kalmomi a gabansa, a bar shi ya gano da kansa cewa t da d da z da s suna komawa c da j da sh idan wasalin i ko e ya biyo baya, sannan a gaya masa sunan abin ganɗantawa, a kuma tura shi ya nemo inda dokar ba ta yi aiki ba, musamman a kalmomin aro. Haka batun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin gaɓar ƙarshe ne ya raba su. Ɗalibin da bai iya sa wa kalma alamar kari da tsawo ba, zai shiga jami'a ya tarar da rabin darasin tsarin sauti a rufe gare shi, ba zai kuma iya amfani da manyan ƙamusoshi yadda ya kamata ba, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ga kuma azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Saya da saye da sayar da sayo da sayu duk daga saiwa ɗaya suke, kowace da ma'anar da ƙarshenta da karinta suka ɗora mata. Yaro ɗan shekara goma sha shida yana iya fahimtar wannan sarai, domin kullum da shi yake magana. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa akwai tsari a ciki. Littattafan ma akwai su da Hausa: Bayanin Hausa na Dauda Bagari na 1986, da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na M.A.Z. Sani na 1999, ga kuma ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990.

A nan Garki tana da wata fa'ida da ba kowane gari ke da ita ba. Ɗalibin da zai tsaya a kasuwa rabin yini zai ji Sakkwatanci da Kananci da Zazzaganci da Hausar Nijar, zai kuma ji Hausar waɗanda suka koye ta, inda bambancin jinsi yake ɓacewa, a ce ya zo ga mace, ko a daina bambanta ƙ da k. Manhajar yanzu tana kallon duk wannan a matsayin kurakuran da za a gyara da Daidaitacciyar Hausa. Gyaran yana da wurinsa, amma darasi mai zurfi zai mayar da shi abin nazari: wa ke faɗin me, ga wa, a wane hali? Ɗan Gbagyin da ake ganin Hausarsa ba ta cika ba, a irin wannan aiki yana iya fin ɗan Bakano, domin yana da harshe biyu da zai gwama.

A ɓangaren adabi matsalar ta fi tsanani, kuma salon jarrabawa ne ya haife ta. Jarrabawar JAMB gaba ɗayanta canki-canka ce a kwamfuta, ta WAEC da ta NECO ma suna da kaso na canki-canka. Irin wannan tambaya tana iya gano ko ɗalibi ya san cewa Malam Zurƙe ne abokin karawar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, amma ba ta iya gano ko ya taɓa tunanin dalilin da ya sa mai karatu yake goyon bayan mai ba da labari ko da shi ne ya yi zambar. Tana iya tambayar shekarar gasar da Rupert East ya shirya, wato 1933, amma ba ta iya sa ɗalibi ya yi bayanin abin da ya sa littattafan da suka fito daga gasar suka ɗauki siffar tafiye-tafiye da yawon duniya. Sakamakon haka, kasuwa ta cika da 'yan littattafan taƙaitawa, ɗalibi ya ci adabi da kiredit bai karanta littafin ba.

Ga abin da muke ganin ya cancanci sunan nazari a wannan mataki. A ba ɗalibi labari guda daga Magana Jari Ce tare da tushen da Abubakar Imam ya ɗauko shi, ko daga Alfu Laila ne ko Kalila wa Dimna ko tatsuniyoyin Grimm, a ce ya nuna abin da Imam ya zubar da abin da ya ƙara har labarin ya zama na Hausawa. A haɗa masa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga gare shi a 1976, ya dubi yadda kowanne ya ɗauki batun bauta. A sa shi ya karanta Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sannan a ba shi muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 game da adabin kasuwar Kano, ya ɗauki matsayi ya kare shi a shafi biyar. Wannan muhawara, a ganinmu, tana cikin mafi kyawun abin koyar da rubutun hujja da muke da shi, kuma har yanzu ba a ci moriyarta a aji yadda ya kamata ba.

Waƙa ita ma haka. Ana koya wa ɗalibi baiti da ɗango da amsa-amo, a tsaya nan. Ma'aunin waƙa kuwa, wanda shi ne ƙashin bayanta, sai a jami'a, alhali ba ya buƙatar komai illa a san gaɓa mai nauyi da marar nauyi, a kuma iya jera su. Tun a 1975 M.K.M. Galadanci ya yi bayanin dangantakar ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci a mujallar Harsunan Nijeriya, Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa wadda ya sabunta a 2007. Yaran da suka yi Islamiyya, waɗanda suna da yawa a Garki, sun riga sun ji waɗannan karuruwa a kunnensu. Waƙar baka kuwa, karanta ta a takarda kamar kwatanta wa mutum ɗanɗanon zuma ne. Kotson Narambaɗa da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya da ƙwaryar Barmani Coge, da yadda jagora yake miƙa wa 'yan amshi, duk suna cikin ma'anar waƙar, kuma hanyar nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a 1993 ta tanadi wurin kiɗa da rerawa. Yau da kowace waya take iya kunna waƙa, babu uzurin koyar da ita a bushe. Sai kuma ajami. Ɗalibi yana iya cin Hausa da mafi girman sakamako bai taɓa karanta layi ɗaya na ajami ba, wato an rufe masa ƙofar waƙoƙin Nana Asma'u da na zamaninta a siffar da aka rubuta su. Makonni kaɗan sun isa a buɗe masa ita.

Ɓangaren al'ada ba ya buƙatar dogon bayani. Muddin aka bar shi a matsayin jerin sunayen kayan saƙa da na ƙira da matakan aure, haddar banza ce ga yaron da aka haifa a gidan bene a Area 11. A tura shi ya yi hira da mahauci ko wanzami ko mai ɗinkin hula a cikin Garki, ya rubuto yadda sana'ar ta sauya da ta shigo birni, shi ke nan.

Fassara ce kaɗai za mu ƙara, domin ita ce ta fi kusa da abincin ɗalibi. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da damar gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, hukumar NERDC ma ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Gidajen rediyo da jaridu da ƙungiyoyin lafiya da ke Abuja kullum neman mai fassara suke yi. Tun da Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara a 2013, aikin ya ƙaru da wani sabon reshe, wato gyaran abin da na'ura ta fassara. Fassarar jimloli biyar da ake yi a jarrabawa ba ta shirya kowa ga wannan.

6.0 Abubuwan da Ke Iya Kawo Cikas

Wani zai ce, ana kukan targaɗe ga karaya: darasin da ba a samun isassun malamansa a matakin yau da kullum, ina shi ina zurfi? Maganar tana da gaskiya. Manufar Ilimi ta 2004 ta sa babban harshen Nijeriya guda a cikin darussan dole na babbar sakandare, amma manhajar da ta fara aiki a 2011 ta mayar da shi na zaɓi. A Nuwamban 2022 gwamnati ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke ta. Sokewar ta shafi harshen koyarwa ne, Hausa a matsayin darasi tana nan, amma iyaye da shugabannin makarantu suna karanta irin wannan saƙo, su kuma ja 'ya'yansu zuwa inda suke ganin riba. Mu a namu ganin, wannan hujja ce ta a yi darasin mai zurfi. Darasin da ya zama na zaɓi sai ya sami abin jan hankali, kuma sassan Hausa na jami'o'i sun daɗe suna karɓar ɗaliban da suka nemi Shari'a ko Aikin Jarida suka rasa. Hanyar da za a kama mai sha'awa da basira ita ce a same shi tun yana aji biyar.

Cikas na gaske shi ne malami da lokacinsa. Wanda zai duba rubutun shafi biyar na ɗalibai ashirin, ya mayar musu su gyara, ba zai yi hakan ba yana ɗauke da azuzuwa shida masu cunkoso. A nan ma yanayin Garki yana taimakawa, domin makarantunta kusa suke da juna. Ana iya tara zaɓaɓɓun ɗalibai daga makarantu da dama a cibiya ɗaya, sau biyu a mako, ƙarƙashin malamai biyu ko uku masu digiri a Hausa waɗanda aka rage wa nauyi, malaman Jami'ar Abuja da na Kwalejin Ilimi ta Zuba kuma su riƙa duba aikin. Hukumar kula da makarantun sakandare ta Babban Birnin Tarayya ita ce mai ikon yin wannan tsari.

Sai batun amana. A 2023 JAMB ta koka da yawan takardun bogi na matakin share fage da ake gabatarwa don shiga aji biyu, ta kuma tsaurara tantancewa. Duk sabuwar takardar shaida da za ta ɗauke wa ɗalibi kwas za ta ja hankalin masu wannan sana'a. Don haka muke ganin kada a jingina sakamakon ga jarrabawar zama ɗaya. A raba shi tsakanin rubutacciyar jarrabawa da aikin bincike na tsawon zango, ɗalibi kuma ya kare aikinsa da baki a gaban malamin jami'a, domin wanda aka rubuta wa ba ya jure tambaya uku. Sakamakon ya tafi daga hukuma zuwa jami'a kai tsaye, kada ya bi ta hannun ɗalibi.

Ta fuskar jami'o'i kuwa, sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta sa kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan kowane digiri ya zama bai ɗaya a duk ƙasa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan ya sauƙaƙa abin da a da yake da wuya, domin yanzu ana iya ɗaukar kwasa-kwasan gabatarwa na aji ɗaya a harshe da adabin Hausa a gina darasin sakandaren a kansu, a san kuma takamaiman abin da za a ɗauke wa wanda ya ci. Amma sai an sami amincewar majalisun jami'o'in a rubuce kafin a ɗauki ɗalibi na farko, aƙalla daga Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abuja. Shiga ajin kuma ya kasance ta gwajin rubutu da karatu a ƙarshen aji huɗu, kyauta, a buɗe ga ɗan kimiyya da ɗan fasaha, da wanda ya sha Hausa a nono da wanda ya koye ta a kasuwar Garki.